Yadda Ake Auna Azurfar da Ke Cikin Ruwan Azurfa

Masu kallo, ku dubi wannan kwalbar ruwan azurfa, irin wadda ake tallatawa ta waya a nan Gombe. An rubuta ppm 10 a jikinta, wato miligiram 10 na azurfa a kowace lita. Ta yaya za a tabbatar?

Azurfar da ke ciki iri biyu ce. Akwai narkakkiya, akwai kuma ƙananan ƙwayoyi da ke yawo a ruwan, masu girman nanomita 1 zuwa 100 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Kowace da hanyar gano ta.

Yawancin mutane mitar TDS, mai ƙiyasta abubuwan da suka narke a ruwa, suke tsomawa, irin ta masu sana'ar fiya wata. Wannan mita ba ta san azurfa ba. Yadda ruwa ke ɗaukar lantarki take aunawa, sannan ta juya shi zuwa ppm bisa ma'aunin gishiri. Ƙwayoyin kuwa ba ta ganinsu sam. Idan da ruwan burtsatse aka haɗa, gishirin ƙasa kaɗai zai ɗaga lambar tun azurfa ba ta shiga ba. Zafi ma yana ƙara lambar da kusan kashi 2 cikin ɗari a kowane digiri, don haka awon rana tsaka a watan Afrilu zai bambanta da na asuba, sai dai in mitar tana gyara lissafinta zuwa digiri 25.

Ga gwajin leza. A ɗaki mai duhu, ku haska ta gefen kofin gilas. In akwai ƙwayoyi, za ku ga layin haske ya ratsa ruwan. Amma ku ajiye kofin tataccen ruwa a gefe don kwatantawa, saboda ƙurar hunturu ma tana bayar da layin, galibi da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Leza tana nuna akwai ƙwayoyi ne kawai, ba ta faɗin yawansu.

Don narkakkiyar, ku zuba ɗan ruwan gishiri. In ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, azurfa ce ta haɗu da kilorayid, sinadarin da ke cikin gishiri. Ku bar shi a rana, zai yi duhu.

Sahihin adadi sai a ɗakin gwaje-gwaje. Na'urar UV-Vis, mai auna hasken da ruwa ke tsotsewa, tana zana layi mai tudu a kusa da nanomita 400 na tsawon zangon haske, domin hasken wannan zango ƙwayoyin azurfa ke tsotsewa, dalilin da ya sa ruwan ke yin rawaya ke nan. In ƙwayoyin sun dunƙule, tudun layin yakan baje, ya karkata zuwa sama da 400. Jimillar azurfa kuma na'urar AAS, mai auna ƙarafa ta hanyar hasken da suke tsotsewa, ke auna ta a nanomita 328.1, bayan an narkar da samfurin da asid na naitirik. Kada a kuskura a sa asid na haidirokilorik, zai kwantar da azurfar a ƙasa, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. A kai samfurin cikin kwalba mai duhu, kuma da wuri, don azurfa tana manne wa jikin kwalba.

Ko awo ya yi daidai, wannan bai mai da ruwan magani ba. A 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ce ba a tabbatar da amincinsa ko amfaninsa ba. Yawan shansa yana tara azurfa a fata, ta koma toka-toka mai shuɗi, kuma launin ba ya gushewa ko an daina sha.