Wane Jirgi Za Ku Shiga? Fita Kamun Kifin Ƙasan Teku Daga Akra

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina muku magana ne daga rairayin bakin tekun Jamestown a Akra, da asuba. Daga Nima ko Mamobi mota ɗaya ce ko biyu, daga Sabon Zango kuwa kusan a ƙafa ma a iso. Amma mu 'yan zango, da yawanmu an haife mu a Akra, ko Ankara kamar yadda iyayenmu ke kiranta, ba mu taɓa taka cikin kwalekwale ba. Kifi dai mun san shi a soye, da dokunu da shito. Yanzu samari sun fara haɗa kuɗi suna fita teku ranar hutu, abin kuma yana faranta mini rai ƙwarai. Shi ya sa nake so mu yi maganar jirgin da za ku shiga.

Kamun da muke magana a kai na ƙasan ruwa ne. Ba taru, ba koma. Igiyar fatsa ce mai ƙugiya biyu ko uku, da dalma a ƙarshenta, ka sake ta ta nutse mita 30, 40 ko fiye, har ka ji ta dira. A can ne jan kifin nan da ake tsada da shi a kasuwar Tema, garin tashar jiragen ruwa da ke gabas da Akra, yake zama, tare da manyan kifayen da ke laɓewa a kogon dutse. A Amurka, wajen Fulorida da Niyu Jasi, akwai manyan jirage na wannan sana'a kaɗai: kowa ya biya kuɗin kansa, ya tsaya a gefen ƙarfe da sandarsa, kamar an shiga trotro, motar hayarmu. A nan galibi ba haka ake yi ba. Ku ne za ku yi karo-karo ku ɗauki jirgi sukutum, ko dai kwalekwalen masunta da aka sassaƙa daga itacen da ake kira wawa aka ɗaura masa injin Yamaha, ko ƙaramin jirgin shaƙatawa irin na Tema da Ada.

To, abin da nake so ku riƙe shi ne, mutumin da ke riƙe da jirgin ya fi jirgin muhimmanci. Ƙasan teku ba ɗaya ba ne. Mafi yawansa yashi ne da laka, kana iya yini a kansa ko taɓa ƙugiya ba a yi ba. Kifin yana taruwa ne inda dutse yake, dutsen kuma ba a ganinsa daga sama. Shugaban kwalekwale, wanda masunta ke kira bosun, shi ya san wurin. Wani ya gaji sanin daga mahaifinsa, ya dubi hasumiyar Jamestown da wani gini a tudu ya ce a saki anga a nan. Wani yana da na'urar da ke nuna zurfi da wurin da ya adana a waya. Ku nemi wanda sana'arsa ƙugiya ce. Mai taru yana bin garken ƙananan kifi ne a saman ruwa, gwani ne a fanninsa, amma ba shi kuke nema ba. Akwai masu ƙugiyar da ake kira lagas, masu akwatin ƙanƙara, da ke kwana da kwanaki a teku. Su ne malaman wannan aiki, sai dai ku gaya musu tun farko cewa yini ɗaya kuke so.

Yaya za ku same shi? Kada ku yi ciniki da wanda ya tare ku a bakin titi. Kowane bakin ruwa yana da sarkin masunta. Ku je da dattijo ɗaya, ku gaishe shi, ku ce, “Baba, baƙi ne mu a wannan harka, wa za ka ba mu amanarsa?” Wanda sarki ya nuna ya san idon mutanensa na kansa. Kuma ku je ranar da ba za ku fita ba, ku tsaya ku ga dawowarsa. Ku leƙa abin da ya kamo, ku duba ko kwalekwalen yana da lambar rajista a jikinsa, ku ga yawan ruwan da yara ke kwarfewa daga cikinsa.

Sai yawan mutane. A nan ne son arha yake ɓata tafiya. Ruwan gaɓarmu yana jan gabas mafi yawan lokaci, don haka igiya ba ta sauka a miƙe, karkata take yi. In kun cika jirgi kafaɗa da kafaɗa, igiyoyinku za su haɗu a ƙasa su sarƙe, rabin yini ya tafi wajen warwara. Gara ku rage mutum biyu kowa ya ƙara 'yan sidi. Ku tambaya kuma ko yana da dalma mai nauyi, domin mara nauyi ba za ta kai ƙasa ba in ruwa yana ja.

Yanzu maganar rai, kuma a nan ba na sassautawa. Rigar da ke hana nutsewa, ɗaya ga kowane mutum, ku ƙirga da hannunku kafin a tura jirgi. Masunta da yawa ba sa sawa, su da ruwa suka tashi. Mu kuwa nawa ne a cikinmu suka iya iyo? In babu, ku saya ko ku aro, in ba a samu ba a fasa. Na taɓa fita da wani jirgi da injinsa ya mutu muna can nesa da Tema, babu filogi na canji, babu wayar da ke da caji sai tawa. Awa uku muna shawagi kafin wasu masunta suka ja mu. Tun ranar nake tambaya: akwai man da zai kai mu ya dawo da mu har ya yi saura? Akwai filafili? Wa ya san mun fita, kuma ƙarfe nawa zai fara nemanmu?

Wurin tashi ma abin dubawa ne. A Tema da Jamestown akwai katangar dutse da ke karya igiyar ruwa, ana fita cikin sauƙi. A buɗaɗɗen rairayi kuwa sai an keta raƙuman ruwa, nan ne kwalekwale ya fi kifewa. A Ada, inda Kogin Volta ke shiga teku, bakin mashigar yana da hatsari, sai wanda ya saba.

Kada ku sa ranar Talata, masuntan gaɓar nan ba sa fita a ranar, al'ada ce da ake girmamawa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa yana sanyi, teku yana yawan tashi, kuma a shekarun baya gwamnati ta sha sanya hutun kamun kifi a wajen Yuli, don haka ku bincika tukuna. Sabon shiga ya fi jin daɗin rani, duk da cewa hazon hunturu kan ɓoye tudu. Ku saurari hasashen hukumar yanayi a daren tafiya, in bosun ya ce yau ba ta fita ba ce, kada ku matsa masa.

Ku gama magana a tudu: nawa ne, man wa, ƙanƙarar wa, kifin da za a sa wa ƙugiya fa, sa'annan abin da aka kamo na wa ne? Masunta suna da tsarin rabonsu, kada ku ɗauka duk naku ne sai an faɗa.

Ku ci abu kaɗan mara maiƙo, ku riƙe citta saboda jiri da amai. Alwala ba matsala, ruwan teku mai tsarki ne kamar yadda ya zo a hadisi, sai dai ku gaya wa bosun tun da wuri cewa za ku yi Azahar a cikin jirgi. Kuma in kun jawo kifi kuka ga cikinsa ya leƙo ta baki, kada ku tsorata, iskar jikinsa ce ta kumbura da ya baro nauyin ruwan ƙasa. Irinsa da wuya ya rayu ko an mayar da shi, saboda haka in kun ga ƙanana ne ke ta kamuwa, ku ce wa bosun ya ɗaga anga a sauya wuri.