Kafin a Aza Tubalin Cibiyar Dattawa, Wa Aka Tambaya?

Assalamu alaikum. Ana ji na daga can baya? To, madalla. Iyayenmu da ke sahun gaba, ina gaishe ku, sannunku da haƙurin zama. An nemi in yi magana a kan yadda ake tsara cibiyar dattawa ta al'umma, wato shirin da zai riƙe ta shekara uku zuwa biyar, ba shirin bikin buɗewa ba. Abubuwa biyar na rubuto a takardar nan, in lokaci ya yarda za mu taɓa su duka.

Bari in ɗan ba ku lissafi tukuna, don mu san girman abin da ke gabanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutanen da suka kai shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1. Zuwa 2030 za su zama biliyan 1.4, wato duk mutum shida da ka gani a duniya, ɗaya ya kai sittin. Zuwa 2050 kuwa biliyan 2.1, kuma kashi biyu cikin uku nasu za su kasance a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Matasan da ke baya, kuna ta murmushi kamar ba da ku ake ba. Ku lissafa shekarunku zuwa 2050, waɗancan biliyan biyun da ku a ciki. (Dariya.)

Na farko: a san su wane ne ake yi wa aikin. Kalmar "tsofaffi" buhu ce, an zuba mutane iri-iri a ciki. Mai shekara 62 da ya yi ritaya bara, yana tuƙa motarsa, ba ɗaya yake da mai 87 da sai an riƙe hannunta ba. Shekara 25 ke tsakaninsu, tazarar uba da ɗansa ke nan. Saboda haka kwamiti ya fita ya ƙirga: nawa ke zaune su kaɗai, nawa ke iya tafiya da ƙafarsu, nawa ba sa ji sosai, nawa ke riƙe da jikoki. Kuma a je musu har gida. In ka kira taro ka raba takardar tambayoyi, waɗanda za su cika ta su ne masu ƙafa, masu ido, masu kuɗin mota. Wanda ya fi kowa buƙatar cibiyar yana ɗaki, bai ma ji an yi taron ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Na biyu, kuma a nan zan ɗan zauna, ku yi mini haƙuri. Me ake so cibiyar ta zama? Kusan duk takardar tsarin da na taɓa karantawa jerin abin da za a YI WA dattawa ce. Za a auna musu jini, za a ba su abinci, za a yi musu lacca, za a kunna musu talabijin. Musu, musu, musu. Ba na cika ganin shafin da aka rubuta abin da su za su yi ba. Mutumin da ya shekara 35 yana koyarwa, ko yana ɗinki, ko yana gyaran injin, ko yana riƙe da littafin kuɗin ma'aikata, ka kawo shi ka ajiye a kujera ka ce ya jira a kira sunansa? Zai zo sau biyu don kunyarka. A na uku zai ce ƙafa ce ke damunsa. Ba ƙafa ba ce. Ya ga ba a buƙatarsa ne.

Na taɓa ziyartar wata cibiya, ba sai na faɗi suna ba. Gini mai kyau, fenti sabo, kujeru a jere kamar ɗakin jiran likita. Na tarar da wani dattijo shi kaɗai a bakin ƙofa yana gyara ƙafar wata kujera da ta karye. Ma'aikaciyar wurin ta taho da sauri, da kyakkyawar niyya, wallahi da kyakkyawar niyya, ta ce, "Baba, ku bari, za mu kira kafinta." Ya ɗago ya ce mata, "'Yata, ai ni ne kafintan." Abin ya tsaya mini a rai har yau. A duk ginin nan, wannan kujerar ce kaɗai ta nemi wani abu a wurinsa, ita ma za a ƙwace.

Ku duba inda abin ya yi nasara a duniya. A Faransa, a birnin Tulus, a 1973 wani farfesa mai suna Pierre Vellas ya buɗe wa waɗanda suka yi ritaya ƙofar jami'a, ya kira ta jami'ar zango na uku na rayuwa. Da tsarin ya haura Ingila a farkon shekarun 1980, sai suka juya shi: ba malami daga waje, 'yan ƙungiyar ne ke koyar da junansu. Wanda ya san tarihi ya koyar da tarihi yau, gobe ya zauna a matsayin ɗalibi wajen wadda ta san zane. A Japan, tun daga 1975 a Tokyo, aka fara cibiyoyin da ke sama wa dattawa ƙananan ayyuka na 'yan sa'o'i, gyaran lambu, kula da wurin ajiye kekuna, gyare-gyaren gida, ana biyansu. A Ostireliya sun lura maza ba sa zuwa wurin da aka ce a zauna a yi hira, sai suka buɗe rumfunan aiki da zarto da guduma. Namiji ba zai dube ka ido cikin ido ya ce kaɗaici ya dame shi ba, amma yana riƙe maka katako kana yankawa zai faɗa. Iyayena mata na gaba suna ta gyaɗa kai, sun san halin mazajensu. (Dariya.)

Wanda ya fi burge ni kuwa na Zimbabuwe ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, a 2006 a Harare, ya ga masu fama da ciwon damuwa sun yi yawa, likitoci kuwa 'yan ƙalilan. Sai ya horar da kakanni mata 14, aka ajiye musu benci a harabar asibiti, mai damuwa ya zo ya zauna su tattauna. Aka yi gwaji na kimiyya, aka buga sakamakon a mujallar likitoci ta JAMA a 2016, ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi. Ku lura da kyau. Ba tsofaffin aka je taimaka wa ba, su ne maganin! Su ne maganin. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba, amma sai mu rubuta tsari kamar babban ba ya hango komai.

Don haka shawarata, a cikin takardar tsarin a ware shafi guda, a kansa a rubuta: me kowane mamba ya iya? Ranar da mutum ya zo yin rajista, bayan an tambaye shi ciwonsa, a tambaye shi sana'arsa. A ba wani mabuɗi, a ba wata littafin rajista, wani ya riƙe lambu, wata ta koya wa yara karatu da yamma. Kwamitin gudanarwa kuma a sa dattawan a ciki da ƙuri'arsu, ba a zaunar da mutum ɗaya don hoto ba. Wanda ya san in bai zo ba ƙofa ba za ta buɗu ba, ko ruwa ake zai zo.

Wannan maganar kaɗaicin ma ita ce asalin abin. Cibiyar da ake ɗauka ta farko irin wannan a Amurka, wadda aka sa wa sunan William Hodson, an buɗe ta a unguwar Bronx ta birnin New York a 1943, bayan ma'aikatan jin daɗin jama'a sun lura cewa tsofaffin da suke kula da su, ban da talauci, rashin abokin magana na cinye su. Shekara 75 bayan nan, a 2018, Birtaniya ta naɗa minista musamman a kan kaɗaici, Japan ta bi sahu a 2021. Ciwon bai canza ba.

Na... na nawa muke? Na huɗu? A'a, na uku, na gode. Hanya da gini. Gini shi ne na ƙarshe da ya kamata a yi tunani, amma shi kowa ke fara zanawa, don shi ake iya nuna wa baƙi. Ku ari ɗaki ku fara, ku ga wa ke zuwa, sannan ku san irin ginin da kuke so. In za a gina, tun ran gini ran zane: ba matakala a ƙofa, daɓe mara santsi, ƙarfen dafawa a banɗaki, kujeru masu hannu don a ji daɗin tashi, haske isasshe. Faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara a duniya, kuma waɗanda suka haura 60 suka fi yawa a ciki. Sannan amo. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka wuce 60 suna da matsalar ji mai tsanani, in ɗaki yana amsa kuwwa, mutum zai zauna cikin jama'a shi kaɗai. Kuma ku tambayi kanku, ta yaya zai iso? Cibiyar da ba ta da amsar wannan ta masu ƙarfi ce kawai.

Kuɗi, da sauri. Kada a jingina da aljihu ɗaya. Mai bayarwa yana son ya sayi abin da za a manna sunansa, ba ya son biyan wuta da albashi, alhali waɗannan ne ke rufe cibiya. A rubuta kuɗin gudanarwa na shekara uku daban, a san daga ina kowane kaso zai fito. Na ƙarshe, awo. Kada ku ƙirga kawunan da suka zo biki. Ku ƙirga wanda ya dawo bayan wata uku, da wanda ya daina zuwa, ku bi shi ku ji dalili. Akwai batun wanda zai gaji shugaba ma, na so in... to, ga hannu can. Bismillah, Hajiya.

(Wata mata daga cikin masu sauraro): Malam, Allah ya saka da alheri. Ni mahaifiyata ce a hannuna, shekara huɗu ke nan, mantuwa ta kama ta, wani lokacin ko ni ba ta ganewa. Ba za ta iya riƙe mabuɗi ko koyar da yara ba. Ita ina wurinta a wannan tsarin naku? Ni kuma da ban yi barcin kirki ba tun bara, ina nawa?

Allah ya ba ta lafiya, Hajiya, ke kuma Allah ya ba ki lada. Kin kama ni, kuma gaskiyarki. Na yi ta magana a kan masu sauran ƙarfi. Masu irin ciwon Mama sun haura miliyan 55 a duniya, kuma mafi yawan ɗawainiyarsu a wuyan iyali take, galibi mata irinki. To, ga abin da zan ce wa kwamiti, ku rubuta. A ware yini ɗaya ko biyu a mako, sa'a uku ko huɗu, da ƙaramin ɗaki mara hayaniya, fuskoki iri ɗaya kullum, da mutum ɗaya aƙalla da aka horar a kan wannan ciwon. Ki kawo ta ki tafi. Ki je ki yi barci, ba sai kin ba kowa dalili ba. Wannan hutun a rubuta shi cikin manufofin cibiya da kasafinsa, ba alfarma ba ce. Sannan masu jinya irinki su samu zamansu ko sau ɗaya a wata, don abin da kika koya cikin shekara huɗu, wata da ta fara jiya tana nemansa ido rufe.

Batun cewa ba za ta iya komai ba kuwa, a nan zan ɗan ja da ke, cikin girmamawa. Sau da yawa suna yana ɓacewa amma hannu bai manta ba, kuma waƙar ƙuruciya takan daɗe bayan sauran abubuwa sun tafi. Me take yi da hannunta a da? Saƙa? To, a miƙa mata zare. Ko ba ta haɗa komai ba, a bar shi a hannunta, a zaunar da wata kusa da ita tana nata. In an tashi ki tsaya, don Allah, ki zauna da 'yan kwamitin nan ki faɗa musu yadda yininki yake tun daga wayewar gari har dare, su rubuta. Da wane lokaci ta fi rikicewa, da safe ne ko da yamma? Da yamma. To, kun ji, a sa nata zaman da safe.