Likitan haƙori da fayil ɗin majiyyaci: lacca a Jos

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. A ja tagar can, sanyin Jos ba ya raga wa mai ciwon haƙori.

Abubuwa uku na zo da su a kan wannan magana ta haɗa fayil ɗin majiyyata a kwamfuta, yadda likitan haƙori zai ga abin da sauran likitoci suka rubuta.

Na farko magani. Wani dattijo ya zo mini daga wajen Bukuru, turmin haƙorinsa ya ruɓe, kwana uku bai runtsa ba. Na ce, Baba, kana shan wani magani? Ya ce a'a likita, lafiyata ƙalau. Har na ɗauko allura, sai jikansa ya ce, Kaka, 'yar ƙwayar nan ta yamma fa? Ya ce ai wannan ba magani ba ne, ta kullum ce. Na ce yaro, ruga ka kawo. Ya dawo da baƙar leda ƙulle, na kwance, sai ga warfarin. Warfarin, jama'a! Maganin tsinka jini. Ashe an taɓa yi masa aikin zuciya, an sa masa bawul na ƙarfe. Duk wannan yana rubuce a fayil ɗinsa, a wani asibiti cikin garin nan, tafiyar da ba ta fi Keke Napep ɗaya ba. Ni kuwa katin da ke gabana suna ne da shekaru kawai.

Kada ku ce Baba ya yi ƙarya. Bai yi ba. A wurinsa magani shi ne abin da ake sha in an kwanta ciwo. Ɗalibai ku rubuta wannan: kada ku tsaya a "kana shan magani?" Ku ce, me kake haɗiya kullum? Ku ce a kawo ledar. A kawo ledar! Domin da na cire haƙorin nan a makance, ba a kujerata matsalar za ta fito ba, sai cikin dare a gida, auduga ta jiƙe, matashin kai ya jiƙe. Kuma ba a cewa mutum ya daina warfarin da ka, jini zai iya daskarewa a bawul ɗin. Abin da ake yi shi ne awon INR, wato awon da ke nuna yadda jini ya tsinke. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya, in bai kai 4 ba ana iya cirewa, a ɗinke wurin, a danne. To awon nan da sunan maganin, in fayil a haɗe yake, kafin Baba ya zauna na gani.

Na biyu, ciwon suga: dasashi na kumbura, ciwo ba ya saurin warkewa. Hawan jini: allurar da muke kashe wurin da ita yawanci akwai adrenaline a ciki, sinadarin da kan iya ƙara bugun zuciya. Amlodipine da nifedipine, magungunan hawan jini, kan sa dasashi ya yi toho ya hau haƙori, haka phenytoin na masu farfaɗiya. Mai sikila, mai juna biyu, wanda jikinsa ba ya karɓar penicillin alhali amoxicillin, wanda danginsa ne, muka fi rubutawa. Na nawa nake? Na huɗu? To, ku bar shi a na uku. Mu ma muna da abin bayarwa, sau da yawa a baki ake fara ganin alamar suga, amma ba mu da inda za mu rubuta likitan jiki ya gani.

Hajiya, ga hannunki a sama, bismillah.

(Tambaya: Likita, in kowa zai buɗe fayil, mai ɗauke da cutar da yake ɓoyewa fa? Mai ba da kati ma wataƙila maƙwabciyarsa ce.)

Wallahi Hajiya kin taɓo inda ya fi damuna. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majiyyaci sirri ne. Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Sai dai takarda ba ta kulle kwamfuta. A Estoniya, inda suka haɗa fayil na ƙasa baki ɗaya tun 2008, majiyyaci yana iya duba sunan duk wanda ya buɗe nasa. Wannan nake so mu yi. Mai ba da kati ta ga suna da lamba, iyakarta ke nan. Ni in ga magunguna, da abin da jiki ba ya karɓa, da cututtukan da suka shafi aikina. Kowa da mabuɗinsa, ba a manna shi jikin kwamfuta dukan ofis su riƙa shiga da shi. In mace ta ji tsoron maƙwabciya za ta karanta, ba za ta faɗa wa likita gaskiya ba, fayil ɗin ya tashi a banza.

An ce lokacin la'asar ya yi. Hajiya, ki tsaya bayan salla, akwai sauran magana a kan amincewar majiyyaci.