Borama, 1993: taron da bai yi gaggawa ba

Kwanakin nan ana ta cewa dimokuraɗiyya kayan aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Wasu na jin haka sai su ɗauka maganin shi ne a miƙa wa dattawa mulki a huta. To, ku biyo ni Somaliya.

Janairun 1991, gwamnatin Siad Barre ta faɗi. A Mogadishu, ga sojojin Amurka, ga na Majalisar Ɗinkin Duniya, ga tarurrukan sulhu a otal-otal na ƙasashen waje. Duk da haka, yaƙi bai tsaya ba.

Mu nufi arewa, yankin Somaliland da ya ɓalle daga Somaliya, garin Borama. Shekarar 1993. Dattawa 150 ne masu yanke hukunci, kuma sun kwashe kusan wata huɗu a zaune. Ku lura da tabarmin nan da kofunan shayi. Yawancin abincin da aka ci, mutanen gari da 'yan uwansu na ƙetare ne suka ɗauki nauyinsa.

Ga inda ake rasa zaren. Ba da kundin tsarin mulki suka fara ba. Kafin Borama, an yi ta ƙananan zama tsakanin dangi da dangi: wa ya kashe wa, raƙuma nawa ne diyya, wa zai fita daga gidan da ya mamaye lokacin yaƙi, wa zai shayar da dabbobi a wace rijiya. Duk bisa dokarsu ta gargajiya, Heer. Wanda ya san zaman sulhun manomi da makiyayi a ƙofar gidan mai gari ya san wannan aiki. Sai da jini ya kwanta sannan suka naɗa Muhammad Ibrahim Egal shugaban Somaliland. Kundin kuwa sai 2001 jama'a suka kaɗa masa ƙuri'a.

Abin da ya fi taɓa ni: zaɓen shugaban ƙasa na 2003. Ƙuri'a 80 kacal ce tazara, kuma wanda ya faɗi ya haƙura.

Ba na cewa babu aibi. An sake gwabza faɗa bayan Borama. Majalisar dattawan da taron ya kafa, Gurti, mai kujeru 82, ba a taɓa zaɓenta ba, ta kuma sha tsawaita wa shugabanni wa'adi. Mata da suka dafa abincin taron ba su da ƙuri'a ko ɗaya a cikinsa, kuma har yau suna neman kujerunsu.