Lacca kan akwatin gidan waya

Assalamu alaikum. Malamaina, ƴan uwa ɗalibai, na san rabinku ba ku taɓa lasar kan sarki kun manna a ambulan ba, to ku ɗan yi haƙuri da ni.

Jan akwatin nan na bakin titi, Turawan Ingila sun fara kafa shi ne a tsibirin Jersey a 1852. Ƙarfen zubi ne, bakinsa ƴar tsaga yadda wasiƙa za ta shiga amma hannun ɓarawo ba zai bi ta ba. Daga 1859 ma kore ake shafa masa, mutane suka yi ta ƙorafi wai ba sa hango shi, sai daga 1874 aka koma ja. Galibinsu kuma da tambarin sarkin da aka kafa su a zamaninsa, shi ya sa da Ireland ta samu mulkin kai a 1922 koren fenti kawai suka bi suka shafe su da shi, har yau akwai masu tambarin Sarauniya Victoria.

To amma mu nan, wanda ya shiga rayuwarmu shi ne na cikin gidan waya, ƴan ƙofofin nan jere a bango, kowacce da lamba da makulli, ana biyan haya duk shekara, tun zamanin tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho, wato P&T kafin a kafa hukumar gidan waya ta NIPOST a 1985. Me ya sa? Ai gidajenmu ba lamba, kwatance muke yi, bayan masallacin Juma'a kusa da darbejiya, to masinja ya kai wa wa?

Kuma mutum nawa ke da kuɗin haya? Sai ka ga akwatin firamare ɗaya ya ɗauki ƙauye guda, a rubuta sunanka a ƙara "ta hannun hedimasta". Wallahi ni nawa haka yake, sakamakon jarrabawata sai da ya kwana tara a aljihun wani bawan Allah kafin ya tuna. Sirri kuwa babu, kafin wasiƙar saurayi ta iso hannun yarinya rabin gari sun san daga Legas ta fito, hatimin ya tona. Masu katin zaɓi sonka ma da wannan lambar aro ake karanto su a rediyo.

Malam na baya, na ga hannunka, bari in sha ruwa sai ka yi tambayar.