Amsoshin Tambayoyinku: Wata Nawa Ake Yi A Jiha Kafin A Nemi Saki A Kotun Amurka?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko daga Houston ta jihar Texas take, daga wata baiwar Allah da ta ce a sakaya sunanta. A Kumasi aka ɗaura musu aure, suka yi shekara 5 a Bronx da ke birnin New York, zama ya ƙi daɗi, ta kwashi 'ya'yanta biyu ta koma wurin yayarta wata 2 da suka wuce. Maigidan ya furta mata saki ta waya. Tana tambaya ko kotun Texas za ta saurare ta yanzu.

To 'yar'uwa, Allah Ya kawo sauƙi. A yanzu dai a'a. A Amurka aure da saki hurumin jihohi ne, kowace da dokarta. Texas na so ɗayanku ya yi wata 6 a jihar, da kwana 90 a gundumar da za a shigar da ƙarar. Saura miki wata 4 ke nan, kuma ko kin shigar, akasari sai an jira kwana 60 kafin alƙali ya raba auren.

Amma ƙofar New York a buɗe take. Tunda can kuka yi zaman aure, maigidan kuma ya haura shekara guda yana can, kina iya shigar da ƙara a can tun yau. Ni a ganina ma ya fi miki, saboda yaran. Maganar riƙon yara tana bin jihar da suka yi wata 6 na ƙarshe a cikinta, kuma tunda babansu na Bronx, har yanzu New York ce. Ban da haka, kotun Texas na iya raba aure ba tare da ta samu ikon tilasta wa mutumin da bai da alaƙa da jihar ya biya kuɗin ciyar da ke ba.

Sakin waya kuwa, malamai za su yi miki bayanin matsayinsa da iddarki. A idon hukumar Amurka dai har gobe ke matarsa ce. A 2008 babbar kotun Maryland ta ƙi amincewa da sakin da wani ɗan Pakistan ya yi a ofishin jakadancin ƙasarsu da ke Washington. Don Allah kada ki yarda a ɗaura miki wani aure babu takardar kotu a hannu.

In kin zaɓi jira, fara tara shaida tun yau: takardar haya mai sunanki, lasisin tuƙi na Texas, takardar kuɗin wuta, rajistar yara a makaranta. Mata da yawa na zaune a ɗakin 'yan'uwa, babu ko takarda ɗaya da ke ɗauke da sunansu, ran shiga kotu sai ido ya raina fata. Ki kuma nemi ofishin lauyoyin da ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta.

Sai wani Malam daga Greensboro ta jihar North Carolina, wanda ya ji an ce a jihar Nevada mako 6 kacal ake yi, yana so ya je ya gama ya dawo. Haka dokar take, Malam, tun 1931, abin da ya sa garin Reno ya yi suna wajen raba aure. Sai dai sharaɗin shi ne ka zauna da niyyar zama. Wasu mutum biyu daga jiharku ta North Carolina sun je sun yi makonnin nan, kowa ya rabu da abokin zamansa, suka auri juna suka dawo gida. Aka kama su da laifin aure kan aure, kuma a 1945 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da hukuncin. A jiharku wata 6 ake nema, tare da shekara guda kuna zaune daban-daban.