Yadda Kwamfuta Ke Hasashen Ɓarnar Girgizar Ƙasa a Kan Gini

(Lacca ga ɗaliban injiniya a Birnin Kebbi, an rubuto ta daga faifan murya)

Malamaina da ɗalibai, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu ɗaurin rodi ya san cewa idan aka tanƙwara rodi kaɗan aka saki zai koma yadda yake, amma idan aka wuce misali sai ya zauna a lanƙwashe. Haka ginshiƙin bene yake idan ƙasa ta girgiza. Da zarar kankare ya tsage kuma rodi ya saduda, karkacewar gini ba ta ƙara tafiya daidai da ƙarfin girgizar, kuma abin da ginin zai yi yanzu ya danganta da wahalar da ya sha a daƙiƙar da ta wuce. Wannan hali ne lissafin wani masani mai suna Bouc ke kamawa a kwamfuta, lissafin da wani masanin, Wen, ya faɗaɗa a 1976.

Sannan babu girgiza biyu da ke zuwa iri ɗaya. Wadda aka naɗa a El Centro ta Amurka a 1940 ba za ta sake dawowa ba, shi ya sa ake sa kwamfuta ta ƙirƙiro dubban girgiza na gwaji, a tace su da lissafin masana biyu, Kanai da Tajimi, domin su ɗauki halin ƙasar wurin. Ƙasa mai laushi ce ta ƙara wa girgizar birnin Meziko muni a 1985, kuma mu masu gini a bakin fadamar Rima ya kamata mu riƙe wannan.

Hanya mai sauƙi ta hasashen ɓarnar ita ce wadda masani Caughey ya shimfiɗa a 1963, wato a cikin lissafi a musanya ginin da wani mai sauƙin lissafi wanda ya fi kusa da shi. Tana da sauri, tana kuma ba da matsakaicin karkacewa, amma a ganina bai kamata a dogara da ita wajen hasashen rushewa ba, domin rushewa tana can cikin abin da ba safai yake faruwa ba. A nan sai hanyar Monte Carlo, inda ake jijjiga ginin a kwamfuta da kowace girgiza, taki bayan taki, da tsarin lissafin masani Newmark na 1959. Wahalarta ita ce, idan rushewa sau ɗaya ce cikin 10,000, sai an yi gwaji kusan miliyan ɗaya kafin kuskure ya sauko zuwa kashi 10 cikin 100. Dabarar da masana biyu, Au da Beck, suka fito da ita a 2001 ta rage wannan nauyi zuwa 'yan dubbai.

Kada a ce wannan ba namu ba ne, domin ƙasa ta motsa a Mpape ta Abuja a 2018, kuma aiki irin madatsar Bakolori ya cancanci wannan lissafi mai tsada.